Futura: Haruffan Paul Renner da Har Yau Nake Aiki da Su

Duk mai zanen fosta ko bangon littafi a kwamfuta ya taɓa cin karo da salon haruffan Futura, ko da bai san sunanta ba. Ni da ita nake rubuta yawancin kanun aikina, kuma hukuncina a kanta ya daɗe da zama: a babban rubutu da wuya a samu kamarta, a dogon karatu kuwa tana gajiyar da ido.

Paul Renner ne ya zana ta, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt a Jamus ya fitar da ita a 1927, zamanin da ake zuba haruffa da dalma, ma'aikatan maɗaba'a suna jera su da hannu. Da yawa suna jingina ta ga makarantar Bauhaus ta koyon zane da tsara gine-gine, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919. Renner bai koyar a can ba. A Munich yake, yana shugabantar makarantar koyon aikin ɗab'i, inda Jan Tschichold, wani masanin tsara rubutun ɗab'i, ma ya koyar. Sai dai burinsa da na 'yan Bauhaus ɗaya ne: a rage ado, a koma ga da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi. A lokacin, littattafan Jamus da dama da Fraktur ake buga su, rubutu mai kauri, mai yawan lanƙwasa. Herbert Bayer na Bauhaus ya kai rage adon maƙura a 1925, ya zana haruffan da babu babban baƙi ko ɗaya a cikinsu.

Renner bai bi shi har can ba, kuma dalilin da ya sa nake ƙaunar Futura ke nan. Ka rubuta "o" ka ƙara masa girma har ya cika allo. Ido zai rantse cikakkiyar da'ira ce, amma kaurin layin ba ɗaya ba ne ko'ina, an ɗan sirance shi a sama da ƙasa. A "b" da "d" da "p", inda da'irar ta haɗu da sanda, ya rage kaurin don kada tawada ta taru ta yi duhu. Tsinin "A" yana ɗan zarce layin sauran haruffa, in ba haka ba sai ya yi kama da gajere. Manyan baƙaƙen kuwa awon rubutun Rumawa na kan duwatsu ya bi: "E" da "S" sirara, "O" mai faɗi. Ya ma gwada wasu siffofin da ba a saba da su ba na "a" da "g" da "r", daga baya aka ajiye su. Mutum ne da ya san cewa lissafi daban, abin da ido ke yarda da shi daban, kuma ya zaɓi ido.

Inda take gazawa a fili yake. Ƙananan baƙaƙenta gajeru ne, sandunansu dogaye, "a" kuma da'ira ce da sanda kawai. Idan rubutu ya ƙanƙance, sai "a" da "o" su yi ta kama da juna, mai karatu ya riƙa komawa baya. Ba na zuba shafi guda da ita.

A 1933 'yan Nazi suka kama Renner suka raba shi da aikinsa. A shekarar ce Tschichold ya tsere zuwa Suwizalan, aka kuma rufe Bauhaus. Haruffan dai suka ci gaba da yawo: tallace-tallacen Volkswagen, har da allon da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969.

Kamfanoni da dama ke sayar da ita yau, kuma sigoginsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka biya, ka gwada ko akwai ƙ da ɗ da ɓ a ciki. Mai matsakaicin kauri da mai kauri sosai sun ishi mai fosta da tambari. Jikin rubutu kuma ka nema masa wani salon.