Robar makunnin mai: abin da na gani bayan wata bakwai da sauya ta

Warin fetur ne ya fara sanar da ni akwai matsala, tun kafin idona ya ga komai. Kullum da safe in na buɗe ɗakin da nake ajiye babur sai wari ya buge ni, amma in na duba ƙasa babu ko ɗigo. Halin fetur ke nan, yana bin iska da sauri, abin da ya ɗiga da tsakar dare kafin gari ya waye ya bushe. Sai da na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur ɗin na bar shi ya kwana, sannan na ga tabo kamar faɗin tafin hannu, daidai saitin makunnin mai, wato ɗan famfon nan da ke manne da gindin tanki, wanda ake murɗawa a buɗe mai, a rufe, ko a sa a rizab.

Ganin tabo daban, gane inda man ke fitowa daban. Fetur yana bin jikin ƙarfe ya gangara, ya je ya ɗiga a wurin da babu ruwansa da yoyon. Na goge wurin tas da tsumma, na barbaɗa garin alli a kewayen makunnin da bakin tiyo da gindin tankin, na zauna ina kallo. Ba a yi minti goma ba allin ya fara duhu a wuri biyu: a layin da makunnin ya haɗu da tanki, da kuma ƙarƙashin kan ɗaya daga cikin sukurorin nan biyu da suka riƙe shi. Tiyo lafiyarsa lau, tankin ma bai huje ba. Roba ce ta gaji.

Abin da na fara yi kuskure ne, kuma zan faɗe shi don mutane da yawa suna yin sa. Ina da ragowar gam ɗin silikon, irin wanda ake shafawa a murfin inji. Na kwance makunnin, na shafe tsohuwar robar da shi ciki da bai, na mayar na ɗaure. Kwana huɗu babu wari. A na biyar yoyon ya dawo ya fi na da, babur kuma ya soma tari a kan hanya, in na ja wuta sai ya shaƙe kamar mai ya ƙare. Da na kai wa wani dattijon makanike da na daɗe ina kai wa aiki, ya buɗe kwanon kafireta ya nuna mini wasu 'yan ɓarɓashi masu santsi kamar majina. Ya ce, "Malam, me ka shafa a tankin nan?" Na gaya masa. Ya ce, "Ai silikon ba ya shiri da fetur. Man inji ya sani, ruwa ya sani, amma fetur kumbura shi yake yi ya narkar. Je ka nemo robar da aka yi don mai, ka bar gam." Ya wanke kafiretar, ni kuma na tafi neman roba.

Abin da na sayo ɗan ƙunshi ne na gyaran makunnin mai, a cikin 'yar leda da ba ta kai tafin hannu ba. A ciki akwai doguwar roba mai siffar ƙwai da ke zama tsakanin makunni da tanki, da wata zagayayyiya mai huji huɗu da ke bayan hannun da ake murɗawa, da siririn zoben roba guda, da washa biyu masu roba a tsakiya na ƙarƙashin kan sukurori. A jikin ledar an buga FKM, wato irin robar da aka fi sani da sunan Viton. Saboda waɗannan haruffa uku na zaɓe shi, na bar wasu biyu da aka nuna mini waɗanda babu rubutun komai a jikinsu.

A nan nake so in ɗan tsaya, don duk maganar a nan take. A ido roba roba ce, baƙa, mai laushi, amma a cikin fetur kowace da halinta. Robar tayar ciki da irin wadda ake sa wa famfon ruwa, EPDM, suna shan fetur su kumbura su yi laɓo-laɓo. Akwai nitiril, NBR, wadda ita aka fi sa wa babura daga kamfani. Tana jure fetur sosai, sai dai in ta shekara da shekaru tana shan zafin inji takan bushe ta yi tauri ta tsattsage, kuma jurewarta ga zafi ba ta wuce digiri 100 zuwa 120. FKM kuwa tana kai wa wajen digiri 200, kuma ta fi jure fetur ɗin da aka gauraya da sinadarin itanol, irin wanda ake kira E10. Makunnin mai a yawancin ƙananan babura yana zaune ne kusa da kan inji, zafi na tasowa yana dukansa duk lokacin da aka tsaya bayan doguwar tafiya. Tsohuwar robar da na cire ta yi tauri kamar busasshiyar fata, da na lanƙwasa ta sai ta karye gida biyu.

Ban yarda da rubutun leda haka kawai ba, don kowa na iya buga haruffa. Na zuba fetur kaɗan a 'yar kwalba mai murfi, na jefa siririn zoben nan na cikin ƙunshin, tare da wani zoben famfon ruwa mai girmansa, na ajiye a waje nesa da wuta har washegari. Na famfon ruwan ya kumbura har ya fi ɗan'uwansa faɗi a fili, ya yi taushi, farce na shiga jikinsa. Na ƙunshin kuwa yadda na jefa shi haka na tsamo shi. Wannan gwajin bai isa ya bambance FKM da nitiril mai kyau ba, don ita ma nitiril za ta tsallake dare guda, amma ya isa ya tabbatar mini ba robar banza aka sayar mini ba. Launi ma ba hujja ba ne. Ana yawan yin FKM ruwan ƙasa ko kore, amma akwai baƙa, kuma tawa baƙa ce.

Aikin kansa bai kai awa biyu ba, kuma rabin lokacin a share wuri ya tafi. Na fito da babur fili inda iska ke kaɗawa, na bari inji ya huce sarai, na cire wayar batir ta nagatib. Wannan ba tsoro ba ne na banza. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi lungu, kuma ko a cikin tsananin sanyi yana kama wuta da tartsatsi guda. Tankin da aka juye ma ya fi cikakke haɗari, don cike yake da tururi da iska. Na zare tiyo daga kafireta na sa a jarka, na murɗa makunni zuwa rizab har man ya ƙare, na cire kujera, na kwance notin bayan tanki, na ɗaga shi na kwantar a kan tsohon bargo don kada fenti ya goge.

Da makunnin ya fita sai na ga abin da ban gani ba a karon farko saboda gaggawa. Fentin da ke kewaye da ramin ya kumbura ya ɗago, tsatsa ta fara cin ƙarƙashinsa, ga kuma ragowar silikon ya liƙe a ramukan sukurori. Ko wace irin roba aka ɗora a kan wannan wurin sai ta yi yoyo, don roba ba ta cike rami, fuska biyu masu santsi take haɗawa. Na kankare fentin da ya ɗago, na naɗe samfefa mai laushi a jikin ɗan katako mai baki ɗaya na goge wurin har ƙarfe ya fito fari sumul. Da hannu na yi, ban sa injin gurza ba saboda tartsatsi. Katakon yana da amfani: in da yatsa aka goge, sai a yi kwari a tsakiya ba a sani ba. Sannan na ɗauraye cikin tankin da ɗan fetur na zubar a wani gwangwani, na wanke rariyar da ke kan makunnin, wadda na tarar rabinta ya toshe da ɓarɓashin tsatsa da gam.

Doguwar robar ta zauna a kwarminta daram, ba ta yi tsawo ba, ba ta gaza ba. A bushe na sa ta, ban shafa mata komai ba. Na sa sababbin washa a ƙarƙashin kan sukurori, na riƙa ɗaurawa kaɗan-kaɗan, wannan zagaye ɗaya wancan zagaye ɗaya, har suka kama. Mutane sukan raina washar nan, alhali a irin wannan tanki ramukan sukurori har cikin mai suke shiga, fetur na bin zaren sukuru ya fito ta kansa. Shi ne yoyo na biyu da alli ya nuna mini. Ɗauri kuma ba na ƙarfi ba ne. Jikin makunni ƙarfe ne mai taushi, in aka matse shi fiye da kima sai kunnuwansa su lanƙwashe, tsakiya ta ɗago, a koma gidan jiya. Da na ji sukuru ya tsaya, na ƙara ɗan murɗi kaɗan na bari.

Na fara zuba lita ɗaya, na barbaɗa alli, na jira rabin awa. Fari fat. Na mayar da tanki na cika shi, don cikakken tanki ya fi danna robar, na shimfiɗa sabon kwali ya kwana. Da safe babu tabo, babu wari.

Ba komai na ƙunshin ne ya burge ni ba. Zagayayyiyar robar nan mai huji huɗu ta ɗan fi ta asali kauri, har hannun makunnin ya yi tauri, sai na sa yatsa biyu da ƙarfi kafin ya juya. Wajen mako biyu ya yi a haka kafin ya saki. Ga wanda yake murɗa rizab yana cikin tafiya, wannan abin lura ne, don lokacin da mai ya yanke a tsakiyar titi ba lokacin kokawa da makunni ba ne. Babu kuma ko 'yar takarda da ke nuna wace fuska ce ke kallon ciki, sai da na ɗauki hoton tsohuwar da waya kafin in cire ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a rubuta awo a jikin ledar ba, sai jerin sunayen babura. Tazarar da ke tsakanin sukurori biyu ba ɗaya ba ce a kowane tanki. Tawa milimita 34 ce, akwai masu faɗi fiye da haka, akwai kuma makunnin da ba shi da sukurori sam, da babban noti guda ake ɗaura shi. Da ban san tazarar tawa kafin in saya ba, da sai in dawo da wadda ba ta shiga. Washa kuma biyu cif suka sa. In ɗaya ta faɗi a ƙasa ta ɓata, ko aka sake kwancewa, sai an nemi wasu, don irin wannan washar in ta matsu sau ɗaya ba a cika dogara da ita karo na biyu ba. Ƙarin biyu ba zai rage su da komai ba.

Wanda tankinsa ya huje da tsatsa, wannan ƙunshin ba zai yi masa komai ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana taruwa a can ƙasan tanki ya ci ƙarfe daga ciki, har wata rana fenti ya yi ƙuraje ya fara tsattsafo da mai. Wannan aikin gam ɗin ifoksi ne mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana jure fetur, ko shafen cikin tanki, ko sabon tanki in ɓarnar ta yi yawa. Walda kuwa a bar wa wanda ya san yadda ake korar tururi daga tanki, don tankin da aka juye aka ɗauka babu komai a ciki ya sha fashewa a fuskar masu walda. Baburan zamani masu famfon mai na lantarki a cikin tanki su ma nasu daban ne, babbar roba ce a ƙarƙashin farantin famfon, da notuna da yawa da ake ɗaurawa a gicciye.

Yanzu wata bakwai ke nan. Babur ya sha rana, ya sha ruwan sama, ya yi doguwar tafiya sau da dama, ya kuma taɓa yin mako uku a ajiye da cikakken tanki. A makon jiya na kwance kwanon makunnin don in wanke, na haska fitila a layin robar: gefenta bai kumbura ya fito waje ba, bai tsage ba, in na danna da farce yana dawowa. Hannun makunnin yana juyawa da yatsa ɗaya, in na rufe kuma mai yana tsayawa cak, abin da tsohuwar ta daina yi tun da daɗewa ban ankara ba. Man da nake sha a mako ma ya ragu a fili, duk da ban auna da lissafi ba. Zan sake sayen irinsa, kuma wanda ya tambaye ni zan ce ya saya, amma ya tafi da tsohuwar robarsa a hannu ya gwada, ya kuma nemi ƙarin washa.

Kwalin nan har yau yana ƙarƙashin babur, a bushe. Abin da ya rage mini shi ne robar murfin tanki, don in na cika mai na taka birki da ƙarfi ina ganin ɗan danshi a bakinsa. Na riga na auna faɗinta da kaurinta, ina neman mai irin waɗannan haruffa uku.