Fanka mai caji da yabon da aka saya mata

Fankar tsaye ce mai caji, inci 16, tana zuwa da ɗan faifan sola da wurin cajin waya. Wani shago da ke sayar da kaya ta intanet ne yake tallarta da alkawarin cewa tana yin awa 12 bayan an ɗauke wuta, kuma a ƙarƙashin tallar yabon masu saye ne jere, kusan duka taurari biyar. Duk wanda ya san zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kuma bangon ɗaki ke riƙe zafi har tsakar dare, ya san dalilin da zai sa mutum ya fitar da kuɗinsa saboda wannan alkawari.

Fankar tana da nata alherin: iskarta da ƙarfi, ba ta da ƙara, gindinta kuma yana da nauyin da yara ba sa iya kayar da ita. Matsalar tana ga batiri. Idan aka kunna ta da cikakken gudu bayan sallar isha'i, kafin sha biyun dare ta tsaya. Na kai ta wurin wani mai gyaran kayan lantarki a Mabera, ya kwance bayanta, ya nuna mini rubutun jikin batirin, 12V 4.5Ah, wato ƙarfin wutarsa da yawan cajin da yake ɗauka, sannan ya ce, "Malam, wannan ba zai kai ka asuba ba." Lissafinsa a fili yake, domin 12 sau 4.5 yana ba da 54, wato yawan wat ɗin da batirin zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya, injin da ke cin wat 20 kuwa ba zai cika awa uku a kan haka ba. Batirin dalma ne, irin wanda zafi ke saurin rage masa ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne yabon nan. Da na bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsa an rubuta shi cikin mako guda, da Turanci iri ɗaya, kowa yana cewa kaya mai kyau ne, a gaggauta saye. Babu ko mutum ɗaya da ya faɗi awa nawa ta yi masa, alhali wanda ya sayi fanka mai caji da guminsa abin da zai fara ambata ke nan. Hotunan da suka ɗora na jikin kwali ne, ba a ga fankar a ɗakin kowa ba. Akwai ma wanda ya yabi ƙamshinta, alamar cewa turare aka taɓa sayarwa a wannan gurbi, daga baya aka sauya kaya aka bar yabon. Tambarin da manyan kasuwanni irin su Jumia da Amazon ke sa wa wanda aka tabbatar ya saya yana taimakawa, sai dai bai isa hujja ba, tunda mai kaya yana iya tura yaransa su saya su yaba. Gaskiyar tana can ƙasa cikin masu taurari biyu da uku, inda wata mata ta rubuta cewa fankar tana mutuwa tun yaranta ba su yi nisa da barci ba.

A Amurka hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta haramta saye da sayar da yabon ƙarya a 2024, a nan gida kuma dokar 2018 da ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta hana yaudarar mai saye game da ingancin kaya, kuma ana iya kai mata ƙorafi.

Wanda ke son fanka don shago ko barcin rana zai iya amfana da ita. Wanda ke neman ta kwana gara ya shiga Babbar Kasuwa ya sa a nuna masa batiri kafin ya biya, domin ko mai 7Ah da ƙyar yake wuce awa huɗu a cikakken gudu.