Akwatin Kiwix a ajin Damagaram: ya ci kuɗinsa, in an kula da wuta

Makarantar da ba ta da intanet, ko wadda kuɗin data ya fi ƙarfinta, ita aka yi wa wannan ɗan akwati. Kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi 4, ba ta wuce tafin hannu ba, aka zuba mata Kiwix, manhajar kyauta da ke buɗe Wikipedia da makamantanta ba tare da intanet ba. Da an kunna ta sai ta watsa wifi nata, wayoyin da ke ajin su kama. Mun gwada ta zango biyu a wani CEG, wato ƙaramar sakandare, na cikin gari, kuma ta ci kuɗinta.

Wikipedia ta Faransanci mai hotuna ita ta fi cin wuri, don haka a nemi katin memori mai giga 128. Amma ba ita ta fi yi wa ƴan lakwal amfani ba, Faransancinta ya yi musu nauyi. Vikidia, wadda aka rubuta don yara masu shekara 8 zuwa 13, ita suke karantawa su gane. Sai PhET, gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado da ke Amurka, wanda shi kaɗai ya isa dalilin sayen akwatin. A darasin lantarki yaro zai ja batir da wayar wuta da ƙwan fitila da yatsa ya haɗa, ya ƙara ƙarfin batir ya ga ƙwan ya ƙara haske. In ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, sai wuta ta kama a fuskar wayar, ajin ya ɗau sowa. Daga nan dokar Ohm ta lantarki, U = R × I, ta daina zama haddar allo. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke kashe akwatin shi ne ɗaukewar wuta ba zato. In ta ɗauke yana cikin rubutu a kan katin, katin na iya lalacewa, washegari ya ƙi tashi. Kada a jona shi a bango. A ba shi batir na 12V mai 20Ah, da farantin sola na wat 50 da na'urar daidaita caji, sai caja irin ta mota mai fitar da 5V da 3A. Wajen wat 5 yake ci, wato awa shida na karatu wat-awa 30 ne, batir ɗin zai kai kwana uku ko ƙurar hunturu ta rufe rana. Cajar da ba ta kai 3A ba takan sa ya riƙa mutuwa yana tashi. A ajiye kati na biyu da aka kwafe komai a kai cikin ofishin darakta. Katin bakin titi kuma a gwada shi da H2testw, manhajar auna ainihin girman kati, tukuna, don wani an rubuta masa 128 alhali cikinsa bai kai ba.

Zafin Afrilu da Mayu ma abin lura ne. In cikinsa ya kai digiri 80 yana rage gudu da kansa, shafuka su riƙa jan ƙafa. A sa masa gida mai fanka, a nisanta shi da rufin kwano, a hure ƙurar duk mako.

Wifinsa ba ya ɗaukar ajin mutum saba'in. Da waya goma sha biyar yana tafiya lafiya lau, saboda haka a raba yara biyar-biyar kan waya guda. A kashe datar kowace waya, in ba haka ba sai ta ga wifin ba intanet ta koma layinta. Malam kuma ya rubuta tambayoyi biyu ko uku a allo kafin a raba wayoyin, ya ba da minti goma sha biyar, kowace ƙungiya ta miƙa amsarta a takarda.