Lauyan kyauta na Legal Aid a Bauchi: ina amfaninsa ga mai ƙaramin laifi?

Wanda aka kama kan dambe a kasuwar Wunti ko 'yar ƙaramar sata, abin da zai fisshe shi lauya ne da zai iso da wuri. Nan ne hukumar Legal Aid take da rana. Gwamnatin tarayya ce ta kafa ta a 1976, yanzu tana aiki da dokar 2011, ba a biyan ko sisi, amma an yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 a wata.

A Kudu doka ta kasa laifuffuka uku: babba mai ɗaurin shekara uku ko fiye, matsakaici daga wata shida zuwa ƙasa da shekara uku, sai ƙarami. Dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ba ta yi wannan rabon ba, kowane laifi da nasa hukuncin, ɗauri ko tara ko duka biyun. A wannan dokar ta 1960 hukuncin sata yana kai ɗaurin shekara biyar, ko da akuya ɗaya ce.

A caji ofis lauyan zai tsaya a ɗauki bayani a gabansa, ya tuna musu cewa beli kyauta ne, kuma sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan kotun ba ta wuce kilomita 40 ba.

Ɓarnar ta fi faruwa a kotun majistare. Ana karanta rahoton FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda suka rubuta kan laifin, tafinta ya fassara, wanda ake tuhuma a tsorace ya ce "haka ne", alhali faɗan ya amsa, ba duk abin da aka rubuta ba. Shi ke nan ya amsa laifi, a yanke hukunci nan take. Da lauya a gefensa, da an nemi beli, ko a yi sulhu da mai ƙara inda doka ta yarda.

Raunin Legal Aid ƙarancin hannu ne. Lauyoyin ba su da yawa, jiha kuwa ƙananan hukumomi 20, na Azare ko Ningi sai ya yi haƙuri. Don haka kada dangi su jira. Ku je ofishinsu ranar da aka yi kamun, da sunan caji ofis ko kotu, lambar ƙara, ranar zama, da mai tsayawa beli riƙe da katin shaidarsa.