Takardar CTRS ta Amurka ko horon da ake yi a gida: amsa ga ƙanwarmu ta Tawa

Ƙanwa, sannu da aiki. Kin ce kina da digirin lisans, kina aiki a Tawa da yara masu tamowa da masu naƙasa, wani lokaci har da tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye, kuma aikinki shi ne farfaɗo da su ta hanyar wasa da motsa jiki da nishaɗi. Kin ga ana tallar takardar CTRS ta Amurka, wato shaidar ƙwarewa a jinya ta hanyar wasa da nishaɗi, a intanet, shi ne kike tambaya: ki tara kuɗi ki neme ta, ko ki ci gaba da bin horon kwana uku kwana biyar da ake kiranku a Yamai da nan Tawa?

Idan a Nijar za ki ci gaba da aiki, kada ki zuba kuɗinki a waccan takarda. Amma akwai wani abu a tsarinsu da namu ya rasa, kuma shi ba sai da biza ake ɗaukarsa ba.

Mu fara da ƙofar shiga. A Amurka wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, tana da tarihi tun lokacin yaƙe-yaƙen duniya, da ƙungiyar Red Cross ta riƙa sa ma'aikata a asibitocin soja don su shagaltar da waɗanda suka ji rauni. Hukumar da ke ba da takardar, NCTRC, an kafa ta a 1981. Babbar hanyar samunta ita ce digirin jami'a a wannan fanni, sannan istaj, wato koyon aiki a wurin aiki, na awa 560 cikin makonni 14 a ƙarƙashin wanda shi ma yake riƙe da takardar, sannan jarrabawa. Ki lura da maganar istaj ɗin nan, don a nan gizo ke saƙar. Kwas ɗin intanet na mako shida ba ya mayar da mutum CTRS, duk wanda ya ce miki yana yi to kuɗinki yake so. Kuma mai kula da ke a wurin aiki dole ya kasance mai takardar, abin da ke nufin tafiya da zama a can, da kuɗin makaranta da dalar Amurka, da Turancin da ya isa karanta littattafansu.

A namu ɓangaren ƙofofi ne da yawa, kowace ƙarama. Wani ya fito daga INJS, makarantar matasa da wasanni ta Yamai, da takardar koyar da wasanni ko ta animatar na matasa. Wata ta fito daga ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya, ta zama ma'aikaciyar jinya ko asistan sosiyal. Wasu sun je Lome, makarantar ENAM ta mataimakan likita, sun dawo kine, wato masu gyaran jiki ta motsa gaɓoɓi, ko masu gyaran magana. Daga baya kowa ya tsinci aikin wasa da majinyata a hanya, galibi ta hannun ƙungiyoyin agaji. Idan aka buɗe gurbin aiki, waɗannan sunayen ake rubutawa a sanarwa. Ban taɓa ganin sanarwar aiki a ƙasar nan da ta nemi CTRS ba, kuma idan kika ajiye ta gaban mai ɗaukar ma'aikata zai juya ta ya tambaye ki ina diflomar da gwamnati ta sani. Lasisin tuƙin jirgin ruwa ne a Agadas. Ko a can Amurkar ma, jihohi ƙalilan ne, irin su Utah da North Carolina da Oklahoma, suka sa lasisin gwamnati a kan sana'ar.

Inda suka fi mu shi ne abin da ke biyo bayan takarda. Mai CTRS ba ya rataye ta a bango ya huta. Duk shekara biyar sai ya sabunta, ko dai ya sake zama jarrabawa, ko ya kawo shaidar cewa ya yi aiki na aƙalla awa 480 a fannin, ya kuma yi awa 50 na ƙarin ilimi. Awa 50 a shekara biyar, awa goma ke nan a shekara. Mu da muke zaman horo daga safe har la'asar kwana biyar a jere, a mako biyu mun wuce abin da ake neman Ba'amurke ya yi a shekara biyar. Ashe ba yawan awa ne matsalarmu ba. Bambancin shi ne su kowace awa sai ta dace da jerin ayyukan sana'ar da hukumar ta tsara, kuma ana iya zaɓo mutum a ce kawo takardunka mu gani. Faransa ma tana da irin wannan ga ma'aikatan lafiya, nata duk shekara uku. Mu kuwa horo yana zuwa ne daga inda kuɗin furoje ya fito. Bana a koya miki kare haƙƙin yara, baɗi a sake koya miki shi da wani tambarin a kan allo, abin da kike buƙata da gaske, misali yadda za ki zaunar da yaron da wuyansa ba ya tsayuwa har ya iya miƙa hannu ya ɗauki abu, babu wanda ya kira taro a kansa. Ba na son in shiga zancen fardiyam, kuɗin zaman taro, kowa ya san yadda ake zaɓen masu zuwa wani lokaci, da yadda ɗaki ke cika ranar biya.

Duk da haka kada ki raina horon gida, don abin da ke cikinsa ya fi kusa da majinyatanki nesa ba kusa ba. Littattafan Amurka an rubuta su ne don gidajen tsofaffi da tsoffin sojoji da cibiyoyin masu shaye-shaye, da wurin ninƙaya da dawakin jinya. Ke kuwa a CRENI kike, sashen da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan jinyar tamowa mai tsanani matakai goma ce, kuma ɗaya daga ciki shi ne motsa ƙwaƙwalwar yaro da wasa da nuna masa ƙauna, da tsararren wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana, uwa tana ciki. Wannan ba ado ba ne. A Kingston ta Jamaika, cikin shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun bi yara 129 da girmansu ya tsaya, aka riƙa zuwa gidajen wasu daga ciki duk mako har shekara biyu ana koya wa iyaye mata wasa da su. Bayan kimanin shekara ashirin aka koma aka tarar waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Kayan wasan ma na gida ne. Irin wannan ilimin za ki same shi a tsarin kula da bunƙasar yaro na UNICEF da Hukumar Lafiya, da kuma wurin ƙungiyar Humanité et Inclusion da ke aikin farfaɗo da yara masu tamowa a yankinmu, kuma da Faransanci.

Abin da nake so ki ɗauko daga ɓangaren Amurka shi ne tsarin aikinsu na matakai huɗu: a auna majinyaci, a tsara abin da ake son cimma, a aiwatar, a sake aunawa, kuma a rubuta komai. Shi ne ya raba mai sana'a da mai ɗebe wa marasa lafiya kewa. Ɗauki dattijon da hannunsa na dama ya mutu bayan hawan jini, ya daina fita majalisa don kunya. Kin san ɗan dara ne. Sai ki haƙa ramuka talatin a ƙasa, biyar sau shida, ki ba shi karare goma sha biyu. Idan kika tsaya nan, kin faranta masa rai, kuma ba laifi. Amma idan ranar farko kin rubuta cewa kara uku kaɗai ya iya sokawa da hannun dama kafin ya koma ga hagu, kika shirya da kine cewa nan da wata ɗaya ana son ya soka duka goma sha biyun, kika fara ba shi karan dawa mai kauri kafin ki koma siriri, kika gayyato abokinsa ɗaya a mako na uku don ya sake sabawa da idon mutane, to kin yi jinya. Ranar da majo ko likita ya tambaye ki amfanin wannan wasan naki, ba sai kin yi dogon bayani ba, ki buɗe kaye, littafin da kike rubutawa, kawai.

Haka yake ga yarinyar da ta kwana biyu a kan madarar jinya ta fara buɗe ido. Gorar ruwa da tsakuwa biyar a ciki, an ɗaure murfin da kyau. Yau tana bin ƙarar da ido? Gobe ta miƙa hannu? Jibi ta sauya ta daga hannu zuwa hannu? Uwar ce ke kaɗawa ko ke ce? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran nauyi, domin ranar sallama ke za ki zauna a asibiti, uwar ce za ta koma ƙauye da yarinya.

Ta fuskar wanda ke duba aikinki, a Amurka akwai hukuma da ƙa'idojin ɗa'a, ana iya ƙwace takardar mutum idan ya keta su, ga kuma ƙungiyarsu ta ATRA tun 1984 mai shirya taro duk shekara. A nan mai dubawa shi ne shugaban sarwis ɗinki, wanda sau da yawa bai karanci wannan fannin ba, sai kuma rahoton furoje mai ƙidayar yara nawa suka halarta. Don haka sai kin nemo wa kanki mai dubawa. Ki samu kine ko masanin halayyar ɗan Adam da ya girme ki a aiki, ki roƙe shi ya zauna ya kalli zamanki da majinyaci sau ɗaya a wata, ya gaya miki gaskiya. Idan da hali, ki nemi izinin istaj na mako biyu ko uku a inda ake gyaran jiki kullum. Asibitin yara na CURE da ke Yamai tun 2010 yana aikin ƙafa da ƙashi da ƙuna, asibitin Galmi kuma yana cikin jiharku. Mako biyu kina kallon hannun gwani ya fi atestasiyo goma.

Batun kuɗi kuwa, a ganina, ga inda ya kamata su tafi. Idan za ki iya komawa makaranta, ki ƙara difloma da ma'aikatar lafiya ko ta wasanni ta sani, ita ce ke ɗaga matsayi da albashi. Idan zuciyarki na son waje, fannin motsa jiki na musamman ga marasa lafiya da ake karantawa a sassan STAPS, na kimiyyar wasanni, a jami'o'in Faransa ya fi kusa da ke a harshe da tsarin lisans da mastar. Tun 2017 likitoci a can suna iya rubuta wa masu doguwar cuta motsa jiki a takardar magani. CTRS na da amfani ne kaɗai idan kin yanke shawarar zama Amurka ko Kanada, don a Kanada ma ana karɓarta a wurare da dama.

Kafin nan, ki sayi kaye biyu. Ɗaya na majinyata, kamar yadda na faɗa, ba tare da cikakken suna ba don sirrinsu. Ɗayan naki: ranar horo, wanda ya koyar, awa nawa, da abin da kika canza a aikinki bayan kin dawo. Horon da kika rasa abin rubutawa a wannan layin na ƙarshe, idan aka sake kiranki irinsa ki ba ƙaramar ma'aikaciyarku gurbin ta je. A farkon shekara ki zaɓi abu biyu da suke ba ki wahala, misali yaran da ba sa ji da masu farfaɗiya, ki nemi awa gomanki a kansu, ko da a kwasa-kwasan kyauta na Hukumar Lafiya ta Duniya ne da ake saukewa a waya idan rezo ya yi kyau da dare.