Agogo Mai Hannu a Fuskar Kwamfuta: Wanne Ya Kamata Ka Ɗora?

Kowace kwamfuta tana da agogo a can kusurwar allo, amma 'yan mitsi-mitsin lambobi ne da sai ka zura ido kafin ka karanta, bayan ka karanta kuma ka yi lissafi. Agogo mai hannu kuwa da kallo ɗaya za ka ga abin da ya rage kafin ƙarfe biyu ta buga, domin tazarar tana nan a zane tsakanin hannun minti da sha biyu. Shi ya sa mai buga takardu a shago, da malamin da ke koyarwa da majigi, da wanda ke aiki yana dakon lokacin salla, duk sukan so a ce akwai irinsa a gabansu.

Waɗanda suka yi amfani da Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, ko Windows 7 ta 2009, za su tuna cewa a lokacin ba sai an nema ba, yana cikin ƙananan kayan ado da ake ja a ajiye a gefen allo. A 2012 kamfanin Microsoft ya yi gargaɗin cewa 'yan kutse na iya bi ta waɗannan kaya su shiga kwamfuta, ya ba da shawarar a kashe su, kuma da Windows 8 ta fito babu su a ciki. Tun daga nan mai son agogo mai hannu a Windows sai ya nemo da kansa.

Kafin ka ƙona data, duba abin da kake da shi. Masu Mac ba su da matsala, tun daga macOS Sonoma ta 2023 ana iya jawo agogon a ajiye a fuskar kwamfuta. Masu Linux da ke amfani da tsarin fuskar kwamfuta mai suna KDE Plasma su ma yana cikin kayan da tsarin ya zo da su. A Windows kuwa, idan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta timedate.cpl, tsohon agogon zai bayyana, sai dai ba ya girma, kuma da ka buɗe wani aiki zai shige baya. Na leƙawa ne kawai.

Hanya ta farko da mutane kan bi ita ce 8GadgetPack, manhajar kyauta da ke maido da kayan Windows 7 ɗin nan a sababbin Windows. Agogon da ka sani ne: fuskoki 8, wurin rubuta masa suna, zaɓin yankin lokaci, da damar kunna ko kashe hannun daƙiƙa. Kana iya jera uku ko huɗu, kowanne da garinsa. Sauƙinsa ba a magana. Amma dalilin da ya sa aka cire waɗannan kaya bai gushe ba, kowane ɗayansu yana aiki ne da cikakken ikon da kai mai kwamfutar kake da shi. Idan za ka tsaya a kan agogon kawai, to. Idan kuwa kai mai kwashe-kwashe ne a intanet, ko kwamfutar ta ofis ce mai bayanan jama'a, ban ba ka shawararsa ba.

Sai ƙananan manhajoji da ba su da wani aiki sai agogo. ClocX ta daɗe ana damawa da ita, tana da fuskoki masu yawa da ƙararrawar tunatarwa, amma tsufanta yana nunawa. TheAeroClock ta SoftwareOK ita ma kyauta ce, kuma akwai samfurinta da ba ya buƙatar girkawa: ka sauke, ka buɗe, shi ke nan, har a filashi za ka iya yawo da ita. Ga mafi yawan mutane, musamman masu kwamfuta ta hannu wadda ƙarfinta ya fara ja da baya, wannan rukunin nake ganin ya fi dacewa. Abin kiyayewa ɗaya ne, ka sauke daga shafin masu ita, domin shafukan da ke tara manhajoji barkatai sukan cusa maka wasu tarkace a cikin girkawar.

Rainmeter daban take, kuma ita na fi so, duk da ba kowa zan tura wajenta ba. Kyauta ce, lambobin gininta a buɗe suke ga kowa, kuma ba agogo ba ce ita kanta, dandali ce da ake ɗora zane-zane a kai. Zanen da take zuwa da shi agogon lambobi ne, don haka mai hannu sai ka nemo shi daban, a shafukan da masu zane ke baje aikinsu, irin su DeviantArt. Fayil ɗin da ya ƙare da .rmskin shi ne na gaskiya. Idan aka ba ka mai .exe aka ce zane ne, rabu da shi.

Daɗinta shi ne komai a hannunka yake, kamar ka kai wa tela yadi maimakon sayen ɗinkakkiya. Ka ɗora linzami a kan agogon ka danna dama, ka zaɓi Edit skin, sai wani ɗan rubutu ya buɗe a Notepad. A can sama za ka ga layi kamar Update=1000, wato a sake zana agogon sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Launuka kuma lambobi ne: 255,255,255 fari ne tas, 0,0,0 baƙi. Ka canza launin hannun minti ya yi ja, ka ajiye, ka danna Refresh skin, nan take ka ga ya sauya a gabanka. Wanda ke jin daɗin irin wannan zai iya shafe yamma guda yana gyara kaurin hannu da girman fuska. Wanda ba ya so kuma zai gaji tun kafin ya ga agogo, kuma ba laifinsa ba ne.

Na kuɗi fa? Akwai su a Microsoft Store, wasu kuma kyauta ne da talla a maƙale. Ban ga abin da zai sa ka biya ba alhali na kyauta suna yin aikin.

Ko wanne ka ɗauka, gwada shi a kan abubuwan da za su dame ka kullum. Yana iya zama a saman sauran ayyuka? Idan ba ya iyawa, da ka buɗe Word ya ɓace, amfaninsa ya ƙare. Idan yana iyawa, to ana iya rage masa duhu har a riƙa ganin rubutu ta bayansa, kuma danna linzami yana ratsa shi? A Rainmeter da ClocX duka akwai wannan. Ba tare da shi ba, agogon zai riƙa tare maka maɓallin rufe shafi. Hannun daƙiƙa mai sulalawa ba tsayawa yana da kyau a ido, amma ana sake zana shi sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma wanda ke lallaɓa batir saboda an ɗauke wuta gara ya zaɓi mai tsalle ɗaya-ɗaya, ko ya kashe shi baki ɗaya.

Mai hulɗa da ƙasashen waje ya tabbata manhajar tana yarda kowane agogo ya bi yankinsa. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa 1, Sudan tana gaba da awa 1, Saudiyya da awa 2. Ingila ce mai rikitarwa: daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin kuma suna baya da awa 1. Don haka ka zaɓi manhajar da ake sa wa sunan gari, ta riƙa sauyawa da kanta, maimakon wadda kai ne za ka rubuta mata tazarar awanni.

Duk waɗannan manhajoji daga kwamfutar suke karanto lokaci, ba su da nasu. Idan kana kunna na'urarka kana tarar da kwanan wata ya koma shekarun baya, ba agogon ne ya lalace ba, ɗan batirin da ke maƙale a can cikin injin kwamfutar ne ya mutu. A yawancin kwamfutocin tebur CR2032 ne, mai faɗin kwabo, kuma mai gyara zai canza shi cikin 'yan mintuna. Bayan nan ka shiga saitin lokaci, ka tabbata yankin yana kan West Central Africa idan a Najeriya ko Nijar kake, sannan ka kunna daidaita lokaci ta intanet.