Sun iya ɗaukar hoto, amma sun manne mini rubutun kakana a cikin roba

Wurin da zan yi magana a kansa wani ƙaramin ɗakin karatu ne mai zaman kansa a Yaba, a Legas. Ban da littattafai da zane-zanen da suke ajiyewa, suna karɓar tsofaffin takardun mutane su kakkaɓe musu ƙura, su ɗauke su a hoto, in sun yage su gyara. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da suka taɓa kai takardun fili ko tsofaffin hotunan aure sun san wurin, sun kuma san abin da ake biya a kan kowane shafi.

Ni gafakar kakanmu na kai. Fataucin goro ne ya kawo shi Agege, kamar Hausawa da yawa da suka gangaro bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma almajirin ilimi ne har ya rasu. A cikin gafakar akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, wasu kwafa ya yi wasu nasa ne, akwai wasiƙun abokan cinikinsa na Kano, sai wasu warƙoƙin Alƙur'ani rubutun hannu masu zayyana ja da rawaya. Danshin Legas ba ya ƙaunar takarda. Abin da zai yi shekara ɗari a ɗakin soro a Kano lafiya lau, a nan fumfuna da kyankyaso sun fara cin gefensa, shi ya sa Kawu ya yarda da ƙyar a fitar da gafakar daga gida.

Ranar da na kai, wallahi sun burge ni. Matar da ta karɓe ni ta shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ta buɗe gafakar a hankali, ta ɗaga warƙa ɗaya ta haska da fitila ta nuna mini jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Ta ce irin wannan takarda a Italiya ake yin ta, fatake suna ratso Sahara da ita daga Tarabulus zuwa Kano. Na girma ina ganin takardun nan amma ban taɓa sanin akwai wani tambari a ɓoye a cikinsu ba. Hotunan gwaji da ta nuna mini a kwamfuta ma sun fita tas, har wasulan da aka yi da jar tawada ana ganinsu ɗaya bayan ɗaya. Na koma gida ina yabonsu a majalisa.

To, akwai warƙa guda da ta yage ta gefe, ita ce ƙarshen waƙar da kakan namu ya tsara da kansa. A nan ne ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya kuma sa ramzi, wato haruffan da mawaƙan zamanin baya suke dunƙulewa su nuna shekarar Hijira da suka gama waƙa. Na ware ta da hannuna, na ce wannan hoto kawai za a ɗauka, kada a yi mata komai. An rubuta haka a jikin rasit.

Da na je karɓa sai aka miƙo mini ita an yi mata laminatin, wato an manne ta cikin roba da na'ura mai zafi, ta sandare kamar katin shaida. Jikina ya yi sanyi. Tawadar malaman da ba irin ta biro ba ce, da ƙaro ake haɗa ta don ta kama takarda, kuma zafin na'urar nan ya sa baitocin ƙarshe sun dushe, jan ya yi nashe-nashe. Abin da ya fi ci mini rai, ba a ɗauki hoton ba sai bayan an manne ta, don haka a hoton ma ƙyallin roba ya kwanta daidai kan layin da ramzin yake. Yanzu ana iya karanta sunansa, amma haruffa biyu na shekarar ba mai iya rantsuwa a kansu. Roba kuwa in ta kama irin wannan takarda, ɓare ta yana nufin ɗauke rubutun gaba ɗaya. Masu aikin adana takardu sun daɗe da daina laminatin saboda wannan dalili. Yagaggen wuri da siririyar takardar Japan ake liƙe shi, da kokon alkama wanda ɗan danshi zai sake shi duk ranar da aka so cirewa. Wurin da ya san tarihin tambarin jinjirin wata, yaya za a ce bai san wannan ba?

Manajan ya ba da haƙuri, ya ce wani sabon yaro ne ya ga ta yage ya zaci taimako yake yi, kuma za su mayar mini da kuɗin shafin. Kuɗin shafi ɗaya! Na ce masa ya bar shi. Ban ga laifin yaron sosai ba, laifin na wanda ya bar shi shi kaɗai da na'ura mai zafi da takardar da ta girmi ubansa ne.

Da na nuna wa Kawu, ya daɗe yana jujjuya ta. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, sun ce kuskure ne." Ya ce, "Ɗan nan, gara na bar wa kyankyaso, shi aƙalla daga gefe yake farawa." Ya tashi ya kwashe warƙoƙin Alƙur'anin ya shige da su ɗaki.

Na so in ce ban da wannan komai ya yi daidai, don har yanzu ina ganin kirkin matar nan. Sai da na zauna da filash ɗin da suka zuba mini hotunan a gida na ga wata sabuwa. Littattafan malamanmu ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa suke, kuma ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu ita ce kalmar da marubuci yake sawa a can ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Ba wanda ya kula da wannan. An hautsina waƙa da wasiƙa, an jera hotunan daga hagu zuwa dama, wasu ma kansu a ƙasa, sannan duk an sa musu suna ɗaya, wai addu'o'in Larabci. Wasiƙar da ake cinikin huhun goro a cikinta da Hausa tsantsa ta zama addu'a. A garin da malamai suke cike da Agege da Obalende, ɗauko mutum ɗaya mai karanta ajami ya zauna da su yini guda bai fi ƙarfinsu ba.

Kuma ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Ibadan, nan kusa da mu, tun shekarun 1950 take tara rubuce-rubucen hannu na Larabci daga Arewa. Hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa tun 1954 take, da reshe a Kaduna, ga Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ga tarin littattafan marigayi Waziri Junaidu a Sakkwato. Duk wanda zai rubuta a allon ƙofarsa cewa yana karɓar rubutun hannu, ya kamata ya tura ma'aikacinsa ko ɗaya ya ga yadda ake yi a irin waɗannan wurare.

Mai littafin ɗab'i ko tsohon hoto zai iya kaiwa, na'urarsu tana da kyau kuma ba sa saɓa ranar da suka ɗiba. Mai ajami kuwa ya zauna a wurin da kansa har a gama, kada ya bar ko falle ɗaya ya kwana. Da na koma na nemi su sake jera hotunan bisa tsarin da wani malaminmu na Agege ya taimaka mini na fitar, sai suka ce wannan sabon aiki ne, sai na sake biya. Ban biya ba, kuma Kawu ya ce sauran takardun ba inda za su sai bayan Sallah, in zai tafi Kaduna ya tafi da su da kansa.